Gudummawar biki daga Kopenhagen: wane shagon gidan tarihi zan shiga?

Ummu_Sadiƙ: Assalamu alaikum. Taro zai kai ni Kopenhagen, babban birnin Danmak, wata mai zuwa, yini ɗaya kacal zan samu na kaina. Ina neman gudummawar bikin ƙanwata, abin da aka ƙera a can. Kurona 1,500 na kuɗin Danmak gare ni, kuma jakar hannu kaɗai zan riƙe. Shagon Designmuseum Danmark zan nufa ko na gidan tarihin Louisiana?

Bakanon_Malmo: Wa alaikumus salam. Hajiya, ɗan dokin katakon nan da ake kira dokin Dala za ki saya. A ƙauyen Nusnäs ake sassaƙa shi da itacen fayin, a yi masa jan fenti da hannu. Na gaske yana da tambarin masassaƙa a ƙarƙashi. Ƙarami bai wuce kurona ɗari ba.

Anti_Rabi: Na kurona ɗari na shagunan 'yan yawon buɗe ido ne, na Nusnäs ko ɗan mitsitsi ya fi haka. Kuma dokin na Suwidin ne, ita Danmak za ta, kuɗin ma ba ɗaya ba ne. Ƙanwata, Designmuseum yana titin Bredgade a tsakiyar gari. Louisiana yana Humlebæk, kilomita 35 arewa, shagonsa babba ne amma jirgin ƙasa da kallo za su cinye miki rabin yini. Duk abin da kika ɗauka, juya gindinsa ki karanta. Zane daban, inda aka ƙera daban: yawancin tangaran ɗin kamfanin Royal Copenhagen a Tailan ake yin sa yanzu, duk da tambarin kamfanin na layukan ruwa uku da ke jikinsa.

Injiniya_Sani: Birin katako na mai zane Kay Bojesen, zanen 1951, shi ne alamar Danmak. Da itacen tik da limba ake haɗa shi, limba kuwa daga dazukan Afirka yake fitowa. Mai santimita 20 zai shiga kuɗinki. A nisanta shi da rana da hunturu, katakon yana tsagewa in ya bushe.

Ɗan_Zinder: Biri a kayan ɗakin amarya? Dangin ango za su tambayi wa ake nufi.

Anti_Rabi: Bar ta dariya, gidaje da yawa ba sa ajiye mutum-mutumi. Tulun furanni na mai zane Aalto na 1936 ya fi dacewa, da baki ake hura gilashinsa a masana'antar Iittala. Sai dai mai milimita 160 zai kusa lashe kuɗin duka.

Bakanon_Malmo: Wannan ai na Finlan ne, Anti. Kin hana ni doki kin kawo tulu. Mu da ke zaune a nan ya kamata a saurara.

Malama_Hadiza: Ku bar gardama, asarar a harajin kaya take. Kashi 25 ne a Danmak, wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya neman a mayar masa in ya kashe sama da kurona 300 a shago ɗaya. Wata baƙuwarmu ta karɓi nata tun a cikin gari, aka riƙe katinta jingina. Kayan suna jakar hannu, don haka hatimin kwastam sai a filin jirgin ƙarshe kafin barin Tarayyar. Sauyin jirginta bai kai awa ɗaya ba, layi ya yi tsawo, ta tafi ba hatimi. Aka zare kuɗin daga katinta har da tara. Ta rubuta wasiƙu har ta gaji, ko sisi bai dawo ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Injiniya_Sani: Dama ba 25 ake bayarwa ba. Harajin ɗaya bisa biyar ne na farashin da ke jikin kaya, kamfanin da ke mayar da kuɗin ya cire ladansa daga ciki. A nemi fom ɗin mayar da harajin tun a wurin biya, da fasfo a hannu, kada a yage kwalin.

Ummu_Sadiƙ: Na gode. To wane shagon dai?

Ɗan_Zinder: Hajiya, ta ina ma za ki sauya jirgi? Mu da ke bi ta Faransa an sha ba mu tikiti mai tazarar da ko sallah ba ta isa ba, balle layin kwastam.