Wace tiraifod ce za ta riƙe lens mai 600mm, ba ta karya mini kafaɗa da aljihu ba?

Ɗan Fadama

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kyamara. Shawara nake nema kan tiraifod, wato ƙafafu ukun nan da ake ɗora kyamara a kai, kafin hunturu ya kankama.

Ni malamin makaranta ne a Haɗeja, hutuna kuwa a bakin ruwa nake yin sa ina ɗaukar hoton tsuntsaye. Kayan aikina Nikon D7200 ce da Sigma 150-600mm Contemporary. Kyamarar da batir ɗinta giram 765, lens ɗin kuma ya kusa kilo 2, a haɗe dai sun tasam ma kilo 2.7. Da yake ƙaramar sensa (wurin da hoto ke faɗawa a ciki) ce da kyamarar, idan na zuƙe lens ɗin zuwa 600 daidai yake da 900 a babbar kyamara. Ko numfashi na yi da ƙarfi sai ya nuna a hoto.

Ga abin da ya sa na zo. A hunturun bara na je Dagona, can wajen Gashuwa, lokacin da agwagin Turai suka sauka. Tun kafin rana ta fito na kafa tiraifod ɗina a gefen kacala. A kasuwa na saye ta, a jikin kwalinta an rubuta tana ɗaukar kilo 8. Ga dinya, ga kirinjijiya ba iyaka, hazo ya kwanta a kan ruwa, irin safiyar da mutum yake jira shekara guda. Sai in saita idon tsuntsu a tsakiya, in ɗaure kan tiraifod ɗin tamau, ina sakin hannu sai lens ya sunkuya, in tarar ƙafafun tsuntsun nake kallo. Iska na kaɗawa hoton ya dinga karkarwa a allo. Can wajen ƙarfe bakwai makullin ƙafa ɗaya ya zame, duk kayan suka yi gaba za su faɗa taɓo, Allah ya sa igiyar kyamarar na wuyana. Da na koma gida na buɗe hotunan a kwamfuta, cikin kusan 400 waɗanda suka fito tas ba su kai 20 ba. Wallahi ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Matsalata ita ce tafiyar. Motar haya nake shiga daga tasha, daga nan acaɓa, wani lokaci kwale-kwale, sannan tafiyar ƙasa cikin yashi da jaka a baya. Abu mai nauyi ba zai yi mini ba. Ina son wadda za ta lanƙwashe ta ɗauru a gefen jaka, kada ta wuce kilo ɗaya da rabi in da hali. Abin da na tara naira dubu 250 ne, kuma da kyar na tara shi. Na ga ana ta yabon Peak Design da Manfrotto Befree a YouTube, duk an ce suna ɗaukar kilo 8 zuwa 9. Kayana ko kilo 3 ba su kai ba. To me zai hana su yi mini? Ko kuwa lambar nan ta jikin kwali ba abin dogaro ba ce?

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam. Sannu da wannan rashi, Malam, na san zafinsa.

Lambar jikin kwali ka ajiye ta gefe. Babu wani ma'auni guda da kamfanoni suka yarda da shi, kowa yadda ya ga dama yake aunawa. Iyakar abin da take gaya maka shi ne ƙafafun ba za su durƙushe ba in ka ɗora musu wannan nauyi. Ba ta ce ba za su yi rawa ba, kai kuwa rawar ce ta cinye maka hotuna. Jaki zai iya ɗaukar buhun gero, amma ba ka zauna a bayansa ka zura zare a allura ba.

Ni tun zamanin fim nake ɗaukar hawan salla, daga Hawan Daushe har Hawan Nassarawa, kuma abu ɗaya nake fara dubawa: kaurin ƙafa. Ka auna gaɓar sama, wadda ta fi kauri. Ga dogon lens irin naka kada ta gaza milimita 28, in ka sami 32 ya fi. Sannan ka ƙirga gaɓoɓin. Tiraifod ɗin tafiya da ake yi wa gaɓa biyar don ta gajarce, kowace gaɓa a cikin ta sama take shiga, kafin a zo ta ƙarshe ta koma kamar biro. A kan wannan siririyar gaɓa duk kayanka suke tsaye, kuma kowane makulli wuri ne na motsi. Gaɓa uku ta fi ƙarfi, huɗu an yi sulhu, biyar sai ga ƙaramin lens. Waɗanda ka ambata kayan kirki ne, amma don mai yawo da gajeren lens aka ƙera su, mai ɗaukar gari da duwatsu.

In da ni ne da kuɗinka, Manfrotto 055 ta alminiyam zan nema, ta hannu. Gaɓa uku ce, ta sama milimita 30, ƙafafun kaɗai kilo 2.5. Na san ka ce ba ka son nauyi. Amma abu uku ne ba sa haɗuwa a tiraifod ɗaya: rashin nauyi, ƙarfi, da araha. Biyu kawai ake samu. Aljihunka ya riga ya zaɓa maka araha, lens ɗinka ya zaɓa maka ƙarfi, saura ka yi haƙuri da nauyi. Tawa ta haura shekara 15 a hannuna, ta sha faɗuwa daga bayan mota, duk jikinta lotsawa ce, har yau alanki kawai nake sa mata in ƙara ɗaure makullan.

Ɗan Fadama

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Yanzu na ɗauko tsohuwar na auna ta da rula: gaɓar sama milimita 22, ta ƙasa ko 12 ba ta cika ba. Ka ga inda gizo ke saƙa.

Sai dai kilo 2.5 kafin a sa mata kai, wato abin da ake ɗaure kyamara a kansa a juya ta, in an sa ya haura 3. Ga kyamara kusan 3, ga ruwan sha, ga abin hangen nesa, ga batura. Daga inda ɗan acaɓa yake sauke ni zuwa bakin ruwa wani lokaci tafiyar awa guda ce cikin yashi. Tsorona kada in saya, bayan fita biyu in fara barin ta a gida.

'Yar Tudu

Malam, tsoron nan naka gaskiya ne, ni ya taɓa faruwa da ni. Baba ya faɗi gaskiya kan kauri, amma da izininsa zan ɗan saɓa masa kan nauyi. Ina ɗaukar tsuntsaye a duwatsun Jos, wajen dajin Amurum, lens ɗina Nikon 200-500 ne, kilo 2.3, ya ma fi naka nauyi. Hawa dutse da kilo uku na ƙarfe a kafaɗa ba abin da zan jure ba ne.

Abin da ya fisshe ni shi ne rabuwa da sandar tsakiya. Ita wannan sanda da ake zarowa sama don ƙara tsawo, da ka ɗaga ta ka mayar da ƙafa uku ƙafa ɗaya, ga nauyinta a banza. Akwai ƙafafun da ake yi babu ita sam, kai yana zaune kai tsaye a inda ƙafafu suka haɗu. Sun fi ƙarfi, sun fi sauƙi, kuma in an naɗe su sirara ne. Ka duba yadda Leofoto ke sa wa nasu suna, zai koya maka karanta na sauran: LS-324C na nufin gaɓar sama milimita 32, gaɓa 4, C ɗin kuma kabon, wani abu ne da ake yin ƙafafu da shi maimakon alminiyam, ya fi shi rashin nauyi. Ita wannan ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Sabuwa ta fi ƙarfin dubu 250, ba zan ruɗe ka ba, amma siffar da za ka nema ke nan, ko a Benro ko a Sirui ko wani, sabuwa ko ta hannu. Tsawonta wajen mita 1.3 ne, in ka ɗora kai da kyamara ta kusa idon mai matsakaicin tsawo. Kai da kake bin tsuntsun ruwa ma me za ka yi da tsawo? Hoton agwagwa ya fi kyau in ka buɗe ƙafafun ka yi ƙasa daidai idonta.

Batun kabon kuma kada ya ɗauke maka hankali fiye da kima. Yana saurin kashe rawa, ba ya ƙona hannu in ya sha rana, ba ya sanyi da asuba. Amma dubi Peak Design ɗin da ka ambata: ta alminiyam kilo 1.56, ta kabon wajen 1.3, kuma da aka fara tallarsu a 2019 ɗaya dala 350 ce, ɗayar dala 600. Dala 250 a kan abin da bai kai giram 300 ba. Sannan kai mai shiga motar haya ne. Alminiyam in an danne shi da buhun albasa a but lotsawa zai yi, kabon kuwa tsagewa yake, in ya tsage sai dai a sauya gaɓar. Kabon mai arha sosai ma sau da yawa bututun ba laifi, ƙarfen da ya haɗa ƙafafun ne ake tsuke hannu a kansa.

Yanzu sunkuyawar da ka ce lens yana yi. Wannan ba laifin ƙafafu ba ne, laifin kan tiraifod ne, da kuma inda nauyi ya faɗa. Ina fata ta takalmin lens kake ɗaurawa, wato 'yar ƙafar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ba ta gindin kyamara ba. Takalmin Sigma ɗin nan gajere ne, ga shi lens ɗin yana miƙewa in ka zuƙe shi, nauyi ya koma gaba. Ka sayi dogon faranti, wato ƙarfen da ke shiga maƙalar kan tiraifod, irin wanda ake kira Arca-Swiss, mai santimita 10 zuwa 12, ka ɗaura a takalmin. Sai ka zuƙe zuwa 600, ka dinga matsar da farantin gaba da baya cikin maƙalarsa har kayan su tsaya da kansu ba ka ɗaure ba. Wannan ɗan ƙarfe shi ne mafi arha a duk abin da za ka saya, kuma shi zai fi sauya maka aiki. In kai mai ƙwallo za ka saya, ƙwallon kada ya gaza milimita 40. Gimbal, wato kan da lens ke rataye a jikinsa yana juyawa a sake, ya fi daɗin bin tsuntsu a sama, amma shi kaɗai yakan haura kilo guda, ka bar shi sai gaba.

Mai Kwale-kwale

Ɗan'uwa, ni ɗan Nguru ne, wuraren nan da kake faɗa a cikinsu na girma. Abu biyu zan ƙara.

A cikin kwale-kwale tiraifod ba ta da amfani, ko ta miliyan ce, don jirgin ne ke rawa. Ka sa tela ya ɗinka maka 'yar jaka ta yadi mai kauri da zif, ka taho da ita wayam a aljihu. In ka iso ka sayi gero mudu ɗaya ka zuba, ka aza a bakin jirgi ko a kan gwiwarka, ka kwantar da lens a kai. In za ka koma ka ba mai jirgin geron. A tagar mota ma haka nake yi.

Na biyu, taɓo da ƙura. Ka zaɓi makulli na murɗawa, don ana kwance shi gaba ɗaya a wanke, a shanya, a mayar. Ka dai lura da 'yan robobin da ke ciki, ƙanana ne, in ɗaya ya ɓata gaɓar ba za ta ƙara kamawa ba. In za ka kafa a ruwa, fara zaro gaɓar ƙasa don makullan su tsaya sama da taɓo, ka danna ƙafafun su nutse su zauna kafin ka ɗora kyamara. Jakar da ake ratayawa a ƙugiyar ƙasa don ƙara nauyi kuma, in iskar hunturu na kaɗawa ka sassauta igiyar har gindinta ya taɓa ƙasa. In tana lilo ƙara maka rawa za ta yi.

Tsohon Hannu

Hajiya ta yi magana, na karɓa. Ni a bakin titi nake tsayawa dawakai su zo su same ni, ba na tafiyar awa guda.

Duk wadda za ka saya, Malam, kada ka biya sai ka je da kayanka. Ka miƙe ƙafafun duka, ka dafa saman da hannu biyu ka murɗa hagu da dama, in ka ji tana bin hannunka ka bar ta. Sannan ka ɗora kyamara, ka zuƙe zuwa 600, ka kunna allo ka ƙara girman wani rubutu na nesa, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Ka ƙirga. In hoton ya natsu cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ta yi. In ka kai biyar yana rawa, ka yi wa mai shago godiya ka fita. Kuma D7200 ɗinka tana da tsarin jinkirta ɗauka, madubi ya ɗaga, ta jira daƙiƙa ɗaya zuwa uku sannan ta ɗauka. Ga zalɓe da ke tsaye cak yana jiran kifi, wannan ya ishe ka.

Ɗan Fadama

Allah ya saka muku da alheri, kowa ya ba ni abin da ban zo da shi ba.

Hajiya, ta takalmin nake ɗaurawa, amma da ɗan guntun farantin da ya zo da tiraifod ɗin, ko tsawon ɗan yatsana bai kai ba. Daren jiya na kwantar da fensir a kan tebur, na aza takalmin lens a kai na zuƙe zuwa 600 don in ga inda zai daidaita. Bai daidaita ba ko kaɗan, har bakin takalmin na kai fensir ɗin yana rinjaya gaba. Dogon faranti shi zan fara saya.

Ga yadda na raba kuɗin: wajen dubu 160 ga ƙafafu na hannu, milimita 28 zuwa 32, gaɓa uku ko huɗu, ko alminiyam ne na yarda in dai ba su wuce kilo 2 ba. Sauran ga kai da faranti. Jakar gero kuwa na riga na kai wa tela tsohon wandon jins ɗina. Ranar Asabar zan shiga Kano da kyamara da lens a jaka in yi gwajin da Baba ya faɗa.

Ɗan'uwa na Nguru, ruwa ya fara janyewa a wajen Dagona kuwa, ko in dakata sai Janairu?