Zaɓen firifet ta kwamfuta a sakandare: me ke tafiya daidai, me ke ɓaci?

Malamin Gwamnati: Assalamu alaikum. Makarantu da dama sun daina naɗa hedboi da hedigel daga ofishin firinsifal, yanzu ɗalibai ne ke zaɓa ta kwamfuta ko waya. Tun da jihar Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a 2018 abin ya ƙara shiga ran mutane. Waɗanda suka gudanar da irin wannan, ku zayyana mana yadda ake yi da inda ake tuntuɓe, domin ɗan SS3 mai shekara 17 baɗi zai iya yankar katin zaɓe.

Mai Ɗakin Kwamfuta: Wa alaikumus salam, Malam. Mafi sauƙi Google Forms, amma akwai tarko. In ka kunna maɓallin da ke hana mutum amsawa sau biyu, dole kowane yaro ya shiga da asusunsa na Google, kuma 'yan JSS1 da yawa ba su kai shekara 13 da ake buɗe asusu ba. In kuma ka ce fom ɗin ya riƙa ɗaukar imel, sirri ya tafi, duk mai riƙe da fom zai ga wanda kowa ya zaɓa.

Abin da ya fi shi ne lambar sirri. A buga lambobi masu haruffa 6 daidai yawan ɗaliban rajista, a yayyanka, a zuba a bokiti. Yaro ya zo, a duba sunansa a rajistar aji, a shafa masa tawada a yatsa, ya sa hannu ya ɗauki lamba ɗaya da kansa, ya rubuta ta a fom kafin ya zaɓa. Kada a rubuta wa ya ɗauki wace. Fom ba zai hana a maimaita lamba ba, sai bayan an rufe a buɗe Google Sheets a sa COUNTIF, umarnin da ke ƙirga sau nawa abu ya bayyana, ya fito da duk wadda ta zo sau biyu ko wadda ba ta cikin jerin da aka buga. A kashe mahaɗin sake amsawa da na ganin sakamako, in ba haka ba na farko a layi zai fita ya baza wa ke kan gaba.

Malamin Lissafi: A yi lissafin lokaci tun da wuri. Ɗalibai 600, kwamfuta 10, kowa minti 2, awa 2 ke nan. Amma 'yan aji ɗaya da ba su saba da linzamin kwamfuta ba sukan ninka haka, kuma muƙamai 15 a fom ɗaya ba sa ƙarewa a minti 2. A rage zuwa manyan muƙamai 5 ko 6. A sa hoton kowane ɗan takara kusa da sunansa, don Aisha uku na iya tsayawa takara ɗaya, sannan a kunna cakuɗa jerin sunaye, saboda mai sauri na saman yake dannawa.

Malamar Ƙauye: Ku kuna maganar ɗakin kwamfuta, mu sabis ma sai an hau tudu. Manhajar cike fom a waya mai suna KoboCollect ke fitar da mu. Ana sauke fom a wayoyin Android guda 4 ko 5 tun daga gari, yana aiki ba intanet, ƙuri'u na taruwa a cikin wayar har a samu sabis a tura. A cika caji tun dare, a tanadi fawa banki biyu. Matsalarsa ɗaya: kafin a tura, mai riƙe da wayar na iya buɗe fom ɗin da aka ajiye ba a kammala ba (draft) ya gyara. A shiga saitin mai kula a ɓoye wannan maɓallin, a sa kalmar sirri, wakilan 'yan takara su raka wayoyin har a tura.

Mai Ɗakin Kwamfuta: Gaskiya ne, Malama. Na ƙara da wuta: a tayar da janareta kafin a fara, kada a jira a ɗauke. Kwamfutar tebur in ta mutu yaro na tsakiyar cikewa, ba ya sanin ko ƙuri'arsa ta shiga, daga nan rigima ke tashi. A nemo lambarsa kaɗai a jerin amsoshin da suka shiga, in babu ya sake.

Tsohon Mataimakin Firinsifal: 'Ya'yana, duk kun yi bayanin na'ura, ni ga inda na fi damuwa. Yaro ba ya ganin ƙuri'arsa na faɗawa akwati, saboda haka sai an nuna masa dalilin yarda. Kafin a fara, a kira wakilin kowane ɗan takara a nuna masa fom babu amsa ko ɗaya, ya sa hannu. Bayan an rufe, a ƙirga sunayen da aka tantance, a ƙirga lambobin da suka rage a bokiti, a gwada da yawan ƙuri'u. In ƙuri'u sun fi waɗanda aka tantance, aringizo ne, a soke a sake, a kuma faɗa wa yara dalili a asambuli. Sakamako a buga shi nan take, wakilai su sa hannu, a manna a allon sanarwa, kamar yadda INEC ke ɗora hoton takardar sakamakon rumfar zaɓe, wato EC8A, a shafinta na duba sakamako IReV tun 2020. Malamin darasi ya buɗe musu wannan shafin su ga takardar mazaɓar unguwarsu.

Babbar ɓarna kuwa daga malamai take zuwa. Yara su zaɓi wani, washegari a ce bai dace ba, a naɗa na biyu. Wallahi gara a ce ba a yi zaɓen ba, domin an koya wa ɗaruruwan yara cewa ƙuri'a ba ta da amfani, kuma da wannan za su girma. Duk sharaɗin da hukumar makaranta ke so, na maki ko na ɗa'a, a rubuta shi a manna mako biyu kafin zaɓe, a tantance 'yan takara a kansa. Wanda ya tsallake ya ci, shi ne.

Uwar Ɗakin Kwana: Baba ya faɗi gaskiya. A kuma juya fuskar kwamfutoci ga bango, a raba su da kwali, a hana siniyoyi tsayawa a ƙofa. Ƙananan yara na tsoron bulala, in babba na leƙe ba zaɓinsu za su danna ba. Malamin da ke taimaka wa wanda ya rikice ya nuna masa a fom na gwaji, ya matsa kafin ya zaɓa. Alewa da biskit da ake rabawa a daren zaɓe sayen ƙuri'a ne, a kira shi da sunansa a cikin dokokin takara.

Malamin Gwamnati: Madalla. Bayan zaɓe fa, akwai mai bibiyar alkawura?

Malamar Ƙauye: Akwai, Malam. Ranar muhawara a ɗauki muryar kowane ɗan takara a waya, alkawari uku kacal, waɗanda ke cikin ikonsa, kamar tsarin layin famfo ko jadawalin shara. Ƙarshen zango a kunna musu a gaban ɗalibai, a sake buɗe fom mai zaɓi uku: ya cika, ya fara, bai taɓa ba. Shi ma a manna sakamakonsa a allo, a ba firifet minti biyar ya yi bayani.