Neman kalma: me za mu kira "suspense" a fim ɗin ɗalibaina?

Malamar Lise:
Assalamu alaikum jama'a. Buƙata ce ta gaggawa ta kawo ni. Ɗalibaina na lise, wato sakandare, a nan Maraɗi sun shirya gajeren fim na minti 6, za a haska shi ranar Asabar a makon al'adu na makaranta, a gaban iyaye. Da Hausa suka yi komai, har sunayen da ke fitowa a ƙarshe: ɗaukar hoto, bada umarni, tsara labari, duk mun samu. Abu ɗaya ya tsaya mana a wuya, wato nau'in fim ɗin. A takardar aikin da aka ba su an rubuta "suspense", mai buga allon sanarwa kuma ya ce daga Alhamis da la'asar ba zai karɓi gyara ba.

Ga labarin don ku san abin da ake nema wa suna. Uwa ta kwaɓa maganin ɓera da garin ƙuli-ƙuli, ta zuba a kwano, ta rufe da faifai, ta ɗora a kan katangar madafa, ta tafi gidan suna. Ƙaramin yaronta ya dawo daga makaranta da yunwa, yana bin kwanuka yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Uwar ta tuna a can, ta kira yayarsa da ke kasuwa, yarinyar ta haye kabu-kabu. Ba aljani, ba jini, ba wanda ya mutu. Ƙuli-ƙulin da suka yi aiki da shi na ci ne, ledar maganin ma fanko ce, kada hankalin kowa ya tashi.

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam Malama. Fim ɗin ban tsoro mana. Ko ki rubuta sispans kawai, duk yaran da ke kallon fim a garin nan sun san shi.

Uwar Ƴan Biyu:
A'a, ban tsoro kam bai yi ba. In na ga "ban tsoro" a allo ba zan kawo ƙanana ba, zan ɗauka fatalwa ce da maƙabarta. Sispans kuma ni kaina sai da na tambayi ɗiyata. Me zai hana fargaba? Tun ina karanta labarin gabana ke faɗuwa.

Ɗalibar Jami'a:
Kafin mu jera kalmomi, mu tsaya kan abin da muke son kamawa. Alfred Hitchcock, shahararren mai bada umarnin fim, ya bayyana shi a hirar da takwaransa na Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962. Mutum biyu suna zaune suna hira, akwai bam a ƙarƙashin teburinsu. In mai kallo bai sani ba, bam ya tashi, zai razana na daƙiƙa 15, shi ke nan, wannan bazata ce. In kuwa ya ga lokacin da aka ajiye shi, ya san ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogo a bango yana nuna saura kwata, to minti 15 zai yi a kan ƙaya, yana ji kamar ya yi musu ihu su tashi. Yaron da ke buɗe kwanuka ba ya jin tsoron komai, yunwa kawai yake ji. Wanda ke shan wahala shi ne na zaune a kan kujera, saboda ya san abin da yaron bai sani ba. Don haka kalmar da muke nema ta halin mai kallo ce, kuma dole ta ƙunshi jira.

Fargaba daga faɗuwar gaba take, tana iya zuwa lokaci guda ta wuce. Ni zullumi nake gani. Zullumi ba ya samuwa sai kana jiran wani abu da kake gudun aukuwarsa, kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Malamar Lise:
Ƙanwata, kin taɓo daidai wurin. A haɗin farko yaran sun ɓoye zancen maganin sai a ƙarshe, wai don a sha mamaki. Da muka nuna wa wani aji, surutu suka yi ta yi, don yaro ne kawai ke yawo a tsakar gida. Sai mai haɗa musu hoton, yarinya ce ƴar shekara 16, ta ɗauko hoton hannun uwar tana yage leda tana zazzagawa, ta kai shi farkon fim. Ba a ƙara ɗaukar komai ba. Da aka sake nunawa, wata daga baya ta miƙe tsaye tana cewa "kar ka buɗe wannan!"

Tsohon Ɗan Rediyo:
Sallama gare ku ɗiyana. Na daɗe ina hwaɗin cewa kalmar ga tana da magani, kuma na ba ta suna tun ina aiki: ratayar rai. Asalin kalmar tasu daga Latin take, ma'anarta a rataye abu, bai kai ƙasa ba, bai koma sama ba. Haka ran mai kallo yake. Zullumi tsohuwar kalma ce mai aikinta, in kunka ɗora mata wani kaya za ta rasa nata. Sabon abu sabon suna aka ba shi. Waɗanda sunka ce jirgin sama da gidan waya da yanar gizo ba su jira kowa ba. Malama, rubuta ratayar rai, ni na ɗauki nauyin kare ta.

Uwar Ƴan Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka dubi allon da idon uwa. Hoton yaro ƙarami, ga "ratayar rai" a ƙasa. Wallahi abin da zai fara zo min shi ne wani ya rataye kansa. Ba zan shiga ba.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Hajiya, kowace sabuwar kalma da baƙunta take zuwa. Sati biyu in ana hwaɗinta a rediyo kunne zai saba.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, ba kowace ba. Na'ura mai ƙwaƙwalwa an daɗe ana faɗinta a rediyo, amma a shagon gyara ba mai kiranta haka, kwamfuta ce a Najeriya, mu nan ordinatar. Yanar gizo ta zauna ne don Bahaushe yana ganin abin da idonsa da ya ji ta. Ratayar rai kuwa sai wanda ya san asalin kalmar Turawan zai gane dalilinta, ke nan fassara ce aka sa wa riga, tunanin ba namu ba ne. Kuma Malama ba ta da sati biyu.

Mai Tace Hoto daga Kano:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Mu a masana'anta ba ma wahalar da kanmu. Saspens muke cewa a wurin aiki, in za a tallata fim kuma a ce mai cike da cakwakiya da sarƙaƙiya. Malama ki ɗauki cakwakiya, kalma ce da kasuwa ta riga ta karɓa. Gaskiya irin waɗannan abubuwa gara a riƙa duba yadda ake yi a Kano, tunda daidaitacciyar Hausa a kan karinmu aka gina ta, fim ɗin Hausa ma can ne gidansa.

Ɗan Bagalam:
To fa. Wato mu sispans ɗinmu na Faransanci bai yi ba, sai saspens ɗinku na Ingilishi? Aro aro ne, Yaya.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Yaro, sannu da zuwa, amma ka rage murya. Garin ga da kake magana da mutanensa, sarakunan Katsina na Haɓe sunka zauna cikinai bayan jihadi, sarautarsu na nan har gobe, ga Gobirawa a Tsibiri kusa da mu. Ba wanda zai aro muna Hausa daga waje. In fim ne kuma, Umaru Ganda ɗan ƙasar ga shi ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, ku kuwa sai 1990 kunka fara na bidiyo. Kuma tun 2025 Hausa ita ce harshen ƙasa a Nijar a rubuce, Faransanci ya koma harshen aiki. Wane ne ya kai mu haƙƙin raɗa suna?

Mai Tace Hoto daga Kano:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ban zo da raini ba. Amma a faɗi gaskiya, in dare ya yi a Maraɗi fim ɗin ina ake kallo a gidaje? Kuma "ɗaukar hoto" da "bada umarni" da Malama ta ce sun samu, a ƙarshen fina-finan wa yaran suka gan su?

Ɗan Bagalam:
Mun gan su, mun gode. Mu ne kuma muke saye. Kasuwarku ba ta tsaya a Jibiya ba.

Uwar Ƴan Biyu:
Haba jama'a. Baiwar Allah ta ce Alhamis, ku kuna rabon gado.

Ɗalibar Jami'a:
Mu koma kan cakwakiya. Cakwakiya labari ne ya cuɗe, wannan ta auri wancan, wancan ɗan wane ne ba a sani ba. Fim ɗin yaran nan ba shi da cuɗewa ko kaɗan: kwano ɗaya, yaro ɗaya, hanya ɗaya. Sauƙinsa ne ƙarfinsa. Akwai wata kalmar da ba a ambata ba, jan rai. Ita ce abin da mai tatsuniya ke yi in ta kai inda kura ta iso bakin ramin Gizo, sai ta tsaya gyara zama, yara na cewa "sai me, Inna?" Ina ganin abu biyu ne muke ta haɗawa: jan rai aikin mai shirya fim ne, zullumi kuma abin da ya haifar a zuciyar mai kallo.

Ɗan Bagalam:
Jan rai a allo? Samari za su cika wurin suna jiran fim ɗin soyayya, budurwa na ja wa saurayi rai. A aji dai ya yi.

Mai Tace Hoto daga Kano:
A nan na yarda da ƴar'uwa, jan rai sunan aikin ne, kuma a teburin tacewa ake yin sa. Malama, ki ce wa yarinyar ta duba abu uku kafin Asabar. Tana yanka tsakanin yaro da kabu-kabu, to kowane yanka ya fi na bayansa gajarta, a fara da daƙiƙa 8 ko 10, a ƙare da 2. Kabu-kabun kuma in ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, ya ci gaba a haka har ƙofar gida, in ya juya mai kallo zai ɗauka kasuwa ta koma. Sai sauti. Kada ta cika kiɗa. A ɗauki ƙarar faifai yana gogar bakin kwano da wata wayar daban, a kusa, a ɗora a kai. In yaron ya kai hannu kan kwanon ƙarshe a kashe komai, a bar wannan ƙarar kaɗai. Da manhajar CapCut ma za ta iya a waya.

Malamar Lise:
Na gode ƙwarai Malam, da shi take aiki, yanzu zan tura mata. Zancen hagu da dama gaskiya ne, akwai wuri ɗaya da suka ɗauka daga ɗaya gefen titi saboda rana, za ta juya hoton. Agogo kuma ba su sa ba. Uwar ta ce a waya "yana dawowa ana kiran azahar", sai kiran sallar ya fara tun yarinyar na neman canji wurin mai kayan miya. Su suka yi tunanin wannan da kansu, kuma shi na fi alfahari da shi a duk fim ɗin.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Wanga dabara ta kiran salla ta yi, Allah shi yi musu albarka. Amma ku lura, tacewar da ɗan Kano ke hwaɗi ita ma matsala ce. A can hukumar da ke hana fim fita ita ma tace fina-finai take. Kalma guda, aiki biyu masu gaba da juna. Shi ya sa nake cewa a ƙirƙiro sabo.

Ɗan Bagalam:
Montaj muke cewa, Baba, ba mai ruɗewa.

Ɗalibar Jami'a:
Haɗa hoto ya wadatar, Malama ma shi ta yi ta faɗa tun ɗazu ba tare da kowa ya tambaye ta ma'anarsa ba. A bar wannan zuwa wani zaman.

Malamar Lise:
To jama'a, lokaci ya ƙure. Na karanta wa yaran duk shawarwarin ba tare da na faɗi mai kowace ba. Ɗaya ya so sispans, biyu sun so ɗar-ɗar, wadda ba wanda ya kawo ta a nan, sauran suka tsaya kan zullumi. Abin da zan kai wa mai bugawa shi ne "Gajeren fim mai sa zullumi". A jawabin da zan yi wa iyaye kuma zan ce dabarar jan rai suka koya a wannan zangon. A sunayen ƙarshe mun sa "haɗa hoto". Baba, ka gafarce ni, ban iya sa taka ba saboda dalilin da Hajiya ta kawo.

Ɗalibar Jami'a:
Ya yi don Asabar. Sai dai "mai sa zullumi" bayani ne, bai zama sunan nau'i ba tukuna. Ranar da aka ce "fim ɗin zullumi" kamar yadda ake cewa fim ɗin barkwanci, ba wanda ya tambaya, ranar aka gama.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Ban gamsu ba, ɗiyata, kuma a rubutuna ratayar rai zan ci gaba da sawa. Amma allonku ne, yaranku ne. Ƙarhe nawa za a hwara?

Malamar Lise:
Bayan magariba, Baba, a filin makaranta, don hoton ya fito sosai a bango.

Ɗan Bagalam:
Malama, in a fili ne lasifikar makaranta ba za ta fitar da ƙarar faifan nan ba. Zan kawo tawa ranar Juma'a da yamma mu gwada, a tanadi janareto kuma ko da wuta za ta ɗauke.