Yadda ake karanta rubutun jikin kwalbar probiotic

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Wata kwalbar probiotic, wato ƙwayoyin halitta masu rai da ake sha don amfanin ciki, ta ce tana da iri 12, CFU biliyan 50. Yawan nan shi ne ingancinta?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. CFU adadin ƙwayoyin da ke raye ne, masu iya hayayyafa. Amma ki duba ko biliyan 50 ɗin lissafin ranar haɗawa ne ko na ranar da wa'adi zai ƙare. Na biyun shi ne abin dogaro, domin suna mutuwa a hankali, musamman cikin zafi da danshi. In an rubuta a sa a firji, ya kuma yini a kan kantar shago cikin zafin Afrilu, ki bar shi.

Hajiya Kulu: Sai kuma suna. Cikakken suna kashi uku ne, kamar Lactobacillus rhamnosus GG ko Bifidobacterium lactis BB-12. Haruffan ƙarshen nan su ke nuna ainihin irin da aka gwada a kan mutane. Tun 2020 aka sauya wa Lactobacillus rhamnosus suna zuwa Lacticaseibacillus rhamnosus, kada ya rikita ki. Abin da ba na so shi ne a dunƙule iri 12 a ba da jimilla ɗaya, ko a rubuta miligiram kawai. Awo ya haɗa da matattu, kuma wataƙila iri ɗaya mai araha ne ya cinye yawancin lissafin.

Abu Safwan: Inulin ko FOS a ciki abincin ƙwayoyin ne, yana kumbura wa wasu ciki. Mai shan antibayotik ya ba da tazarar awa 2 tsakaninsa da probiotic. Mai raunin garkuwar jiki sai da izinin likita.