Jazz ɗin Habasha: kunne ya isa ko sai an koyi nota?

Mai Jita: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, duk wanda ya taso yana jin goge da kukuma baya buƙatar wata makaranta kafin ya iya Ethio-jazz. Sauti biyar suke hawa kai kamar namu, masinko ɗinsu ma tsirkiya ɗaya gare shi irin goge. Ka kasa kunne ka bi kawai.

Malamin Piyano: Haba ɗan uwa, a hankali dai. Tizita babba, ɗaya daga jerin sautukansu, na yarda, C D E G A ce, kunnenmu ya saba da ita. To anchihoye fa? C, D flat, F, G flat, A. Wannan tazarar bata zauna a kunnen yawancinmu ba, zaka ji kana bugawa hannunka yana komawa inda ya saba kai baka ma sani ba, kuma ko ka kama muryar, wa zai nuna maka kod ɗin da zaka shimfiɗa a ƙasa? Shi kansa Mulatu Astatke sai da yayi karatu a Landan, ya wuce makarantar kiɗa ta Berklee a Boston kafin ya haɗa Ethio-jazz ɗin.

Yar Zinder: Malam ka kawo Mulatu ka bar Getatchew Mekurya. Shellela, kirarin yaƙi da ake yi da baki, shi ya ɗauka ya zuba a saksafon. A wane littafin nota zai samo wannan?

Malamin Piyano: Hajiya ai a band ɗin birnin Addis Ababa ya goge, cikin masu karanta nota. Ba a ɗaki ya zauna shi kaɗai da waya ba.

Mai Jita: To ai dai kunnen ne ya kai shi wajen shellela.

Ɗan Kalangu: Duk kun tsaya kan sauti kun bar kiɗan. Chikchika, salon bugunsu, 6/8 ce, kuma wlh nan ne mu zamu fi saurin kamawa, masu piyano su ke shan wahala. Ku nemi faifan Éthiopiques na 4 da ya fito 1998, ku bi bes da ganga kaɗai tukuna.

Malamin Piyano: Wannan kam gaskiya ne. Mai Jita turo mana anchihoye ɗinka a voice gobe muji.

Mai Jita: Jibi dai Malam, tsirkiyata ɗaya ta tsinke.