An ɗauke ni aiki a babban wurin wasanni: sashen injinan hawa ko ƙofar tikiti?

Mujittaba

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki a manyan wuraren wasanni, irin masu lilo da majaujawa da jiragen dogo masu hawa da gangara. An ɗauke ni aiki, an ba ni zaɓi tsakanin gurbi biyu, kuma ana son amsata kafin ƙarshen makon nan. Na farko a sashen injinan hawa ne, inda zan fara da duba ƙarfen da ke riƙe fasinja, daga baya a koya mini tayar da inji. Albashinsa ya ɗan fi, amma kwantiragin na wucin gadi ne, na watannin da wurin ke cika da jama'a, kuma takardar ta ce ba a yi alkawarin adadin awoyi a mako ba. Na biyu a ƙofar shiga ne, duba tikiti. Albashin bai kai na farko ba, sai dai awoyin a rubuce suke kuma na shekara ne. Tambayoyina biyu: wane irin horo ake ba mutum kafin a bar shi shi kaɗai a gaban maɓallan inji, kuma wanda ya shiga da kwantiragin wucin gadi yana da damar zama ma'aikacin dindindin?

Maman Hanifa

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ƙanena. Ni a shagon tsaraba na cikin irin wannan wuri na yi aiki, kuma abin da zan gaya maka shi ne ka nemi takalmi mai taushin ciki tun kafin ranar farko, domin ko ina aka kai ka a tsaye za ka wuni. Ka riƙa yawo da gorar ruwa, ka kuma tattala muryarka, saboda magana ɗaya za ka yi ta maimaita wa jama'a cikin ƙarar kiɗa da ihun yara har maƙogwaro ya dishe.

Sagir

Ka zaɓi ƙofar tikiti kawai, Mujittaba, mu da 'ya'yanmu mun samu ɗan uwa a bakin ƙofa ke nan.

Baban Khalifa

Na shugabanci rukunin masu kula da injinan hawa na shekaru, don haka bari in amsa tambayar horo. A wurin da ya san abin da yake yi, ba a barin sabon ma'aikaci a ɗakin maɓallai sai ya yi aƙalla mako biyu. Da farko zai karanta littafin ƙa'idojin injin da aka ba shi, domin kowane inji da nasa, sannan ya tsaya kusa da tsohon hannu yana kallo, sannan ya yi da kansa tsohon hannun yana tsaye a bayansa, a ƙarshe a yi masa jarrabawa su biyun su sa hannu a takarda. Inji ɗaya yana da gurabe da dama: mai auna tsayin yara a bakin layi, mai zaunar da mutane, mai jijjiga ƙarfen kowace kujera da hannunsa don ya tabbatar ya kulle, da mai tayarwa, wanda ba ya taɓa maɓalli sai kowa ya ɗaga masa hannu. Ana juya ma'aikata a tsakanin waɗannan gurabe lokaci-lokaci, saboda idon da ya daɗe a wuri ɗaya yakan daina gani. Jiragen dogo kuma an yanka hanyarsu kashi-kashi, kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga wani kashi sai na gabansa ya fita. Ka ɗauki sashen injina, Mujittaba, nan ne ake koyon abin da za a iya ɗauka a kai wani wurin, kuma bambancin albashin a wurinmu ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Lantana

Malam, da girmanku, wannan horon na cikin littafi ne. Ni safiya ɗaya aka yi mini, kafin a buɗe ƙofa, kuma wanda ya koya mini bai fi ni daɗewa da yawa ba. Aka miƙo mini takarda mai cewa na fahimci komai na sa hannu, domin wanda bai sa ba ba a saka shi a jadawalin aiki. Albashin ma daidai yake da na masu tikiti, har an cire mana kuɗin yunifom a biyan farko.

Abin da ya raba ni da aikin shi ne sandar auna tsayi. Wata rana ta hutu, layi ya yi tsawo har ya fita daga rumfa, wani mutum ya zo da ɗansa, yaron bai kai alamar ba, saura kamar faɗin yatsu biyu. Na ce ba zai hau ba. Uban ya ce sun yi fiye da awa guda a layi, ya ce jiya ma an bar yaron ya hau, ya ɗaga murya har jama'a suka taru, yaron yana kuka. Na kira shugaban sashe ta oba-oba, ina zaton zai zo ya tsaya mini, sai ya ce in yi amfani da hankalina kada in tsayar da layi. Ban bar yaron ya hau ba, domin ƙarfen kujerar nan an ƙera shi ne da girman jiki a rai, kuma wanda bai kai ba zai iya zamewa ta ƙarƙashinsa idan jirgi ya kifa. Uban ya kai ƙara ofis cewa na wulaƙanta shi. Aka kira ni, aka ce hukuncina daidai ne amma fuskata ba ta nuna fara'a ba, aka rubuta mini gargaɗi.

Bayan wannan na ji wata ƙara da ban saba ji ba daga ƙarƙashin jirgi, na danna maɓallin tsayarwa na gaggawa. Injiniyoyi suka duba suka ce lafiya lau. Ba wanda ya ce na yi laifi, amma daga makon nan awoyina suka fara raguwa a jadawali, har ta kai abin da nake samu ba ya biyan zuwana da komawata. Ba su kore ni ba, ni na daina zuwa. Wannan layin da ke cikin takardarka, Mujittaba, na cewa ba a yi alkawarin awoyi ba, da shi ake hora mutum ba tare da an ce masa komai ba.

Malam Garba

Abin da Lantana ta faɗa game da horon safiya ɗaya ba ƙaramar magana ba ce. A ranar 25 ga Oktoba 2016 mutum huɗu suka mutu a wurin wasanni na Dreamworld da ke Ostareliya, a wani wasan kwale-kwale, bayan famfon ruwa ya tsaya, ruwa ya ja baya, wani kwale-kwale ya maƙale, na bayansa ya buge shi ya kife a kan bel ɗin da ke jan su. Binciken da aka yi ya nuna cewa matashiyar da ke tsaye a wurin sauke fasinja a safiyar ranar aka koya mata aikin gurbin. A 2020 kotu ta ci kamfanin tarar dalar Ostareliya miliyan 3.6. Kafin wannan, a watan Yuni na 2015, a wurin wasanni na Alton Towers da ke Ingila, kwamfuta ta tsayar da jirgin Smiler saboda wani jirgi da babu kowa a ciki ya tsaya a kan hanya, ma'aikata suka ɗauka kuskuren na'ura ne suka sake shi, jirgi mai mutum 16 ya afka wa wanda ya tsaya, aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa. Tarar fam miliyan 5 aka ci kamfanin a 2016. A duka biyun kotu kamfani ta kama, amma ƙaramin ma'aikaci ne yake tsaye a wurin yana gani. Ka tambaye su tun yanzu wa zai horar da kai, kuma ko kana da ikon tsayar da inji ba tare da neman izini ba.

Baban Khalifa

Malam Garba, ka taɓa tsayawa a ɗakin maɓallai, ko karantawa ka yi? Ka ɗauko haɗurra biyu daga nahiyoyi biyu ka aza a kan yaron da yake neman abin dogaro da kai. Miliyoyin mutane suna hawa suna sauka lafiya a kowace shekara, kuma suna sauka lafiya ne saboda ma'aikatan da aka horar yadda na bayyana. Ke kuma Lantana, ban ƙaryata ki ba, amma wuri ɗaya kika yi aiki, na ɗan lokaci. A wurinmu yunifom kyauta ne, kamfani ne ma ke wanke shi, kuma wanda ya danna maɓallin gaggawa yabonsa muke yi a taron safe ko da ba a samu komai ba.

Malam Garba

Ban taɓa aiki a wurin ba, kuma ban ce na yi ba. Amma abin da kotu ta tabbatar ba ya bukatar in sa yunifom kafin in faɗe shi. Shugaba yana ganin horo ne daga takardun da aka sa wa hannu, Lantana kuwa ta gaya mana yadda ake sa hannun.

Lantana

Baban Khalifa, ku ne kuke rubuta jadawali, mu ake rubutawa a ciki. Mujittaba a inda na tsaya zai tsaya, ba a inda kuka zauna ba, saboda haka ina ganin maganata ta fi kusa da shi.

Hadiza A.

Ni a ƙofar tikiti na yi, kuma kada a ɗauka can hutu ne. Duk wanda tikitinsa ya ƙi karantuwa a na'ura, ko ya sayi na wata rana ya zo a wata, ko ya ga masu tikitin tsallake layi suna wuce shi, a kanka zai sauke fushinsa, kuma ba kai ka tsara farashin ba. A wurinmu masu injina sun fi mu albashi, amma bambancin bai taka kara ya karya ba, nesa da kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da ba a biya. Ƙofar ma'aikata tana can bayan fili, a caje jaka, a canja kaya, a taka har zuwa gurbi, kuma agogon biya ba ya fara ƙirga sai ka isa.

Mujittaba

Na gode muku duka. Na kira ofishin ɗaukar ma'aikata kamar yadda Malam Garba ya ce. Sun ce tsawon horo ya danganta da injin da aka kai mutum, kuma kowane ma'aikaci yana da ikon danna maɓallin gaggawa, amma da na nemi a rubuta mini mafi ƙarancin awoyi sai suka ce tsarinsu bai ba da wannan ba. Yaya Lantana, maganarki ta tsaya mini a rai. Har yanzu dai ina jiran wanda zai amsa mini ta biyun, ko akwai wanda ya san wani da ya shiga da wucin gadi aka tabbatar da shi.

Sagir

Maganar Hadiza ta tuna mini da ranakun hadari. Da zarar an ga walƙiya ko iska ta yi ƙarfi ake rufe dogayen injina, kuma wannan daidai ne, ba wanda zai yi musu. Amma ƙanwata da ta yi aiki a sashen injina ta ce sai a tara su a ce su jira, ba a sallame su ba, ba a kuma biya su lokacin jiran ba, idan ruwa ya ƙi tsayawa a ce su tafi gida da kuɗin abin da suka yi da safe.

Baban Khalifa

A wurinmu ana biyan lokacin jira, ana ma tura mutane su taimaka a shaguna da rumfunan da ba a rufe ba.

Lantana

A namu ma ana tura mu shaguna, Malam, amma sai waɗanda shugaban sashe ya kira sunansu ta oba-oba. Sauran mu tsaya a ƙarƙashin rumfa da yunifom a jiƙe, baƙi suna tambayarmu yaushe za a buɗe da kuma ko za a mayar musu da kuɗinsu. Hadiza, ku a ƙofa ana biyan ku idan aka rufe da wuri, ko ku ma sallamarku ake yi?