Kukri mai tambarin 1917 amma ƙotarta ta ƙi dacewa da shekarar

Assalamu alaikum. Ina da wata tsohuwar kukri, wuƙar nan mai lanƙwasa ta mutanen Nepal da sojojin Gurkha suka shahara da ita. A gida an ce daga ƙasar Bama (Myanmar ta yau) aka zo da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma babu takarda.

Kusa da ƙota an buga “Co”, da alamar kibiya ta gwamnatin Birtaniya, da 1917. A iya binciken da na yi, “Co” na nufin ma'aikatar makamai ta Cossipore da ke Kalkata, wato Mk II ke nan, samfuri na biyu na kukrin da ake ba sojoji. To amma ƙusoshin da suka riƙe ƙotar biyu ne, alhali duk Mk II na Yaƙin Duniya na Ɗaya da na gani a hoto uku gare su. Biyu kuwa sun fi kama da Mk III, samfuri na uku, wanda bai fito ba sai 1943. Kuma lambar 7 ta fi sauran zurfi, bakinta tas, babu tsatsa a ciki, wannan ne ya fi damuna.

Na shafa mai, na duba da gilashin ƙara girma, na gwada da hotunan gidajen tarihi. Wani dillalin kayan tarihi ya kalle ta ya ce ta gaske ce, sai dai shi saye yake so ya yi. Kuben ma ba nata ba ne, don haka bai taimaka ba.

Ta yaya zan gane ko tambarin na asali ne ko daga baya aka buga shi, ba tare da na kankare ƙarfen ba? Na gode.